Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Haraji Ta Ghana Kan Cacar Farashi Da Kuɗin Amana

Zuwa ga Kwamishina-Janar na Hukumar Tattara Haraji ta Ghana, GRA, Accra.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Aboabo a Kumasi. Sana'ata riƙe littafin lissafi: na 'yan kasuwa, na kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, da na iyalan da aka bar wa gado ba a kai ga rabawa ba. Da gangan na rubuta da Hausa, domin rabin maganar taka ce, rabin kuma ta mutanen zango ce, kuma na san ofishinka ba zai rasa mai fassara ba.

Buƙatata guda ce. Ina roƙon hukumarka ta fito ta faɗa a rubuce yadda take ɗaukar riba da asarar da amintattu ke yi idan suka ɗebi kuɗin amana suka zuba a cacar farashi ta waya, wadda samarinmu ke kira foreks. Ina kuma roƙon kada amsar ta kwaikwayi ta Ingila.

Bari in fara bambance abin da nake nufi, don kada 'yan canjinmu na Alabar su ɗauka da su nake. Ɗan canji yana karɓar sidi ya miƙa dala ko sefa, hannu da hannu, kowa ya tafi da nasa. Maganar lasisinsa tsakaninsa ne da Babban Banki. Abin da ake yi a waya daban ne. Mutum ba ya sayen dala, ba ya sayen zinare, ba abin da ke shiga hannunsa. Yana yin yarjejeniya ne da wani kamfani, galibi a ƙasar waje, cewa farashin zinare ko na Yuro zai hau ko zai sauka. In ya canka daidai a biya shi bambancin, in ya kuskure a cire daga ajiyarsa. Abin da ke sa wasan zafi shi ne ninki. Ka ajiye dala 1,000, kamfani ya ba ka damar yin wasa kamar kana da dala 100,000. Farashi ya motsa da kashi 1 cikin 100 ta inda kake so, kuɗinka ya ninka. Ya motsa da kashi 1 ɗin nan ta ɗaya gefen, ajiyar ta ƙare ƙarƙaf. Kuma zinare kan yi irin wannan motsin tsakanin azahar da la'asar.

A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu wannan harka asara suke yi. Shi ya sa a can aka tilasta wa kamfanonin rubuta adadin masu asara a jikin tallarsu, aka kuma ƙayyade ninkin kada ya wuce sau 30 a manyan kuɗaɗe. Kamfanonin da ke farautar yaranmu ta WhatsApp da TikTok da yawansu ba sa ƙarƙashin wannan ƙa'ida, suna ba da ninki sau ɗaruruwa.

In saurayi ya yi haka da kuɗin guminsa, nasiha ce tsakaninmu da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuɗin da ba na mai wasan ba.

Ranka ya daɗe, ka san tarihin harajin caca fiye da ni. Dokar gyaran harajin kuɗin shiga ta 2023 ta kawo cire kashi 10 cikin 100 daga abin da mai caca ya ci, aka fara aiki da ita ranar 15 ga Agusta na shekarar, tare da kashi 20 a kan abin da kamfanonin cacar suka tara. Samari suka yi ta ƙorafi, maganar ta shiga yaƙin neman zaɓe, Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya sanar da soke kashi 10 ɗin a kasafin Maris 2025, Shugaba John Mahama ya sa hannu a farkon Afrilu, rana ɗaya da soke harajin tura kuɗi ta waya. Abin da ya faru ke nan. Amma abin da ya iso majalisun shayi na Asawase da Sawaba gajere ne: gwamnati ta ce caca ba haraji. Daga nan masu tallar foreks suka ɗora nasu. Suna cewa ko a Ingila wannan harka ba a biyan ko kwabo a kanta, ga shi Ghana ma ta bi sahu, saboda haka riba ce tsantsa, ba takarda, ba mai tambayarka.

Abin haushin shi ne akwai ƙanshin gaskiya a zancen Ingilar, shi ya sa yake shiga kunne. A can akwai nau'in wannan yarjejeniya da doka ta ɗauka a matsayin caca. Dokarsu ta 1992 kan harajin ribar kadara ta ce abin da aka ci a caca ba ya cikin ribar da ake yi wa haraji, kuma tun 1925 wata kotu ta yanke cewa mutumin da ke rayuwa da cacar tseren dawaki ba sana'a yake yi ba a idon haraji. Don haka ɗan Ingila da ya ci ba ya biya. Sai dai masu tallar ba sa ƙarasa karatun. Wanda ya yi asara ba shi da ikon cire ta daga wata ribarsa. Gwamnati tana karɓar nata daga hannun kamfanin cacar. Kamfani mai rajista kuwa, in ya shiga harkar, ana lissafa masa ita cikin harajin kamfanoni kamar kowace yarjejeniyar kuɗi. A ganina gwamnatin Ingila ba kyauta ta yi wa kowa ba. Ta duba ta ga masu asara sun ninka masu riba, ta gane cewa in ta ce za ta ci daga ribar to dole ta ɗauki asarar, sai ta janye hannunta. Wato rashin harajin da ake tallatawa shi kansa shaida ne cewa yawancin masu shiga faɗuwa suke yi.

Sannan a Ingilar akwai dokar amintattu ta 2000, wadda ta wajabta wa mai riƙon amana ya duba dacewar jarin, ya rarraba kuɗin kada ya tara su wuri guda, ya nemi shawarar masani. Amintaccen da ya kai dukiyar yara cacar farashi a can, kafin mai haraji ya neme shi lauyan magada ya riga ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mu a zango wane maraya ne ke da lauya?

Dokarmu ta harajin kuɗin shiga ta 2015, doka ta 896, ba ta bar amana a baya ba. Tana ɗaukar asusun amana a matsayin mai biyan haraji mai zaman kansa, daban da waɗanda ake riƙe dukiyar dominsu, kuma ƙa'idar gaba ɗaya kashi 25 cikin 100 ce. Abin da asusun cikin gida ya raba wa masu haƙƙi ba a sake yi masa haraji a hannunsu. Ma'anar amintacce a dokar tana da faɗi, ta haɗa da wasiyyi da wanda kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci. Dokar ta kuma ce mazaunin Ghana ana lissafa masa abin da ya samu ko'ina a duniya, saboda haka ajiye kuɗi a asusun wani kamfani da ke wani tsibiri bai fitar da su daga lissafi ba. Duk wannan yana rubuce. Abin da bai iso gare mu ba shi ne wurin da cacar farashi ta faɗa. Sana'a ce? Zuba jari ne? Ko caca ce irin ta ƙwallo, wadda Hukumar Kula da Caca ke ba wa lasisi a ƙarƙashin dokar 2006? Kowace amsa da nata sakamakon, kuma muddin ba a ji daga bakinku ba, mai talla ne zai ci gaba da ba da fatawa.

Su wane ne waɗannan amintattu a wurinmu? Ba masu kwat ba ne a Ridge ko Airport, unguwannin masu hannu da shuni na Accra. Baffa ne da aka naɗa ranar sadakar arba'in ya riƙe gidan haya mai ɗaki goma sha biyu har yara su girma. Yaya ne da ya karɓi takardar kotu don a iya cire kuɗin mahaifinsu daga banki. Ma'ajin kwamitin masallaci ne da ke riƙe da kuɗin ginin bene na biyu, wanda 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka suka turo. Wasu kwamitocin sun yi rajista a ƙarƙashin dokar amintattu ta 1962, da yawa kuma amanar baki ce kawai da shaidar liman. Kusan dukkansu ba su taɓa jin cewa doka tana kallon abin da ke hannunsu a matsayin asusu mai haraji ba.

Ba zan zalunce su ba. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne, tsoro ne ya kora su. Wanda ya riƙe kuɗin marayu a 2022 ya ga tashin hankali: dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da 14 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Kuɗin da zai yi rufin gida a watan Janairu ya koma ba ya sayen rabin kwanon. Takardun bashin gwamnati, ban da cewa mutanenmu da yawa suna gudunsu saboda kuɗin ruwa, su ma shirin gwamnati na sauya bashin cikin gida ya taɓa masu dogon wa'adi. Kafin nan an ga rushewar bankuna da kamfanonin ajiya daga 2017 zuwa 2019, an ga Menzgold, kamfanin zinaren da ya rushe da kuɗin jama'a, a 2018. Dattijon da ya ga duk wannan, sai ɗan ƙaninsa mai digiri ya zo masa da waya, ya nuna masa layuka kore da ja, ya ce Baba ai wannan kasuwanci ne, zinare ake saye ana sayarwa, kuma ba haraji. Me kake tsammani?

Na duba littafin wani gida irin wannan. Kuɗin hayar shekara biyu aka karɓa gaba ɗaya daga 'yan haya, kamar yadda aka saba duk da dokar haya ta ce wata shida. Baffan ya mayar da su dala, ya miƙa wa yaron da ke yi masa wasan a waya. Watannin farko an ga riba, har aka biya kuɗin makarantar yara biyu daga ciki, kowa yana sa albarka. Ba a rubuta ribar a ko'ina ba, tunda an ce ba mai tambaya. Ranar da abin ya juya, cikin dare ɗaya ne. Da uwar yaran ta nemi bayani, babu abin da za a nuna mata sai hotunan fuskar waya, wasu ma an goge. Baffan ya rantse bai ci ko sisi ba, kuma na yarda da shi. Amma nawa aka saka, nawa aka ci, nawa aka cire, nawa yaron ya ɗauka a matsayin ladansa, har yau ba wanda zai iya faɗa. Zumuncin gidan bai koma daidai ba.

Nan ne nake ganin aikinku ya wuce tara kuɗi. A unguwanninmu takardar haraji ita ce kusan takarda ɗaya tilo da za ta iya tilasta wa mai riƙon amana ya zauna sau ɗaya a shekara ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya sa hannu, ya san cewa ƙarya a ciki laifi ne. Kotu ba ta bin diddigi sai an kai ƙara, kuma matar da mijinta ya rasu ba ta kai ƙanin mijin ƙara, kowa ya san dalili. Liman yana wa'azi, ba ya duba asusu. In kuka ce wannan harka caca ce, ba ruwanku, kun cire fitila ɗaya da ta rage a ɗakin. In kuka ce kuɗin shiga ne na asusun amana, dole a bayyana shi, to ranar da yaro ya balaga ya nemi lissafi akwai fayil da zai nema.

Don haka ra'ayina, ranka ya daɗe, a ɗauki ribar cacar farashi da aka yi da kuɗin amana a matsayin kuɗin shiga na zuba jari, a yi mata haraji yadda ake yi wa sauran abin da asusun ya samu, a kuma faɗa ƙarara cewa soke kashi 10 na 2025 bai shafe ta ba. Wancan sassauci ne da aka yi wa mutum mai wasa da kuɗin aljihunsa a kamfanin da ke da lasisin Ghana, wanda gwamnati ke karɓar rabonta daga gare shi. Kamfanin foreks na waje ba ya biyan Ghana komai. In an yafe wa mai wasan ma, ƙasa ta tashi a tutar babu, ga dalolin sun fice.

Maganar asara ta fi buƙatar natsuwa, don nan ne mai wayo zai shiga. Dokar 896 ta riga ta ce asarar zuba jari daga ribar zuba jari ake cire ta. To amma kuɗin haya ma yakan faɗa cikin zuba jari. Ka ga ke nan amintacce zai iya ƙona kuɗi a waya, ya zo ya ce a cire asarar daga hayar gidan marayu, harajin gidan ya ragu, gwamnati ta ɗauki wani kaso na ɓarnarsa. Ina roƙon a killace ta: asarar cacar farashi kada a cire ta sai daga ribar cacar farashi. In hakan ya fi ƙarfin sanarwar hukuma, sai an gyara doka, to ku kai shawarar ga Ma'aikatar Kuɗi kafin kasafi mai zuwa. Kuma kada a karɓi iƙirarin asara sai da cikakken bayanin asusu daga kamfanin, ba hoton waya ba.

Akwai kuma batun canji. Asusun wasan da dala yake, haraji kuma da sidi ake biya. A watan Afrilun 2025 dala tana wajen sidi 15 da rabi, kafin ƙarshen Mayu ta sauko kusa da 10. Amintaccen da ya mayar da kuɗin marayu dala a watan Maris, ko bai yi asarar ko santi ɗaya a wasan ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyar ya narke in aka dawo da ita sidi. Wani kuma zai nuna riba a dala alhali a sidi faɗuwa ya yi. Ku faɗa mana da farashin wace rana za a yi lissafi, ranar kowace yarjejeniya ko ranar da kuɗin ya dawo gida, kuma wannan faɗuwar ta canji a wane gurbi za a sa ta.

Masallatai da makarantun da kuka amince da su a matsayin ƙungiyoyin jin ƙai suna da sassauci a kan abin da suka samu, amma sassaucin bai rufe ribar kasuwanci ba. Ina so a rubuta a fili cewa bai rufe cacar farashi ba ita ma. Ma'ajin da ya san cewa wasa da kuɗin gini zai iya jawo wa masallaci binciken haraji, ya kuma sa a sake duba amincewar da aka yi masa, zai yi tunani sau biyu, kuma sauran 'yan kwamiti za su samu hujjar hana shi ba tare da an ce sun zarge shi ba. A zango wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa mutane sun ga ɓarna tana tafe, kunya ce ke rufe musu baki.

Na san abin da wasu malamaina za su ce, don an riga an faɗa mini a fuska: yaya Musulmi zai roƙi gwamnati ta sa haraji a kan haram, ai kamar halatta shi ne. Allah ya gafarta malam, haramcin caca yana nan a Suratul Ma'ida, gargaɗin masu cin dukiyar marayu yana nan a farkon Suratun Nisa'i, ba sanarwar wata hukuma da za ta taɓa su. Gwamnati tana karɓar haraji a kan giya, ba wanda ya ce ta zama halal. Kuma a cikin surar Nisa'in ne aka yi umarni cewa in za a miƙa wa marayu dukiyarsu a kafa shaidu. Shaida a kan me, in babu lissafi? Da so samu ne, ba amintaccen da zai kusanci wannan harka sam, kuma ina fatan ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da limaman Kumasi za su yi magana a kanta da sunanta a huɗuba, don da yawa ba su san caca ba ce, zinare suka ji an ambata. Amma wanda wa'azi bai tsayar ba, gara ya san akwai fom da zai cika.

Wani zai ce kuma haraji zai rage wa marayu ribar da aka samo musu. Haka ne, a shekarar da aka ci. Sai dai na fi son yaro ya rasa rubu'in ribar da aka rubuta da ya rasa uwar kuɗin da ba a rubuta ba.

Hanyar tana hannunku. Dokar gudanar da haraji ta 2016, doka ta 915, ta ba Kwamishina-Janar ikon fitar da takardar bayani kan yadda hukuma ta fahimci wani sashe na doka, da ikon yanke hukunci ga rukunin masu biyan haraji. Shafi biyu ko uku sun isa, da misali na lissafi a sidi. Ku tuntuɓi Babban Banki da Hukumar Kula da Hannun Jari, domin dokar musayar kuɗin waje ta 2006 da dokar hannun jari ta 2016 su ne ke faɗin wanda ke da izinin karɓar kuɗin jama'a, kuma ya kamata takardar ta ce biyan haraji ba ya mayar da kamfani marar lasisi mai lasisi. In ba a faɗi haka ba, gobe masu talla za su ɗaga rasiɗinku su ce ga shaidar gwamnati ta amince.

Sannan kada takardar ta tsaya a shafinku na intanet da Turancin lauyoyi. A fassara ta da Hausa da Twi da Dagbani, a karanta a gidajen rediyon da zango ke saurare, a aiko jami'ai su zauna da sarakunan zango da limamai a Asawase da Aboabo, haka a Nima da Madina na Accra. Ku zo da sassauci ga wanda ya fito da kansa ya yi wa asusun da ke hannunsa rajista, don in tara ce za ta fara tarbarsa, ba wanda zai fito, kuma daga kuɗin yaran za a biya ta. Ana shigar da bayanan haraji cikin wata huɗu bayan ƙarewar shekara, wato ƙarshen Afrilu ga mafi yawanmu. Ina roƙon takardar ta fito kafin lokacin, domin akwai littattafai a gabana da zan rufe, kuma masu su za su tambaye ni a wane layi za a rubuta wannan kuɗi.

Na gode da lokacinka. Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai riƙe littafin lissafi,
Aboabo, Kumasi.